Gani Ya Kori Ji: Ciwon Idon da Ya Tafi Mini da Kunne

Ni malamar Islamiyya ce a cikin garin Bauchi, shekara bakwai na yi ina karɓar hadda a ajin 'yan mata. Wanda bai taɓa yi ba zai zaci aikin baki ne, alhali na kunne ne zalla. Yarinya za ta durƙusa a gabana ta rufe Alƙur'aninta ta fara kawowa, ni kuwa na kasa kunne: ina za ta mai da sadi ya koma sin, ina za ta haɗiye gunna, ina za ta ja madda ta wuce ƙa'ida. A wancan lokacin ina iya ba aji baya ina rubutu a allo, yara fiye da arba'in suna bita da murya ɗaya, in ce, "Ke ta layin ƙarshe kusa da taga, ina ƙalƙalarki ta tafi?" Malaman da muke tare har tsokanata suke yi wai kunnen maciji gare ni. Na fara da wannan ne don a san abin da ya fita daga hannuna, saboda idan na ce na rasa kunne, wani sai ya ga ai da sauƙi, tunda ga ni da ƙafafuna ina yawo.

Ta ido ciwon ya shigo. Cikin hunturu ne, lokacin da hazo ke rufe duwatsun da suka kewaye gari har ba a hango su. Ina da shekara 29 da yara biyu. Na tashi da safe idanuna biyu sun yi jawur, suna raɗaɗi kamar an watsa mini barkono, hawaye na zuba ba kuka nake ba. Abin da ya fi gallaba ta shi ne haske. Ko fitilar waya aka kunna sai na runtse, fita tsakar gida da hantsi kuwa sai na ja mayafi na rufe fuska. Duk wanda ya gan ni sai ya ja da baya ya ce, "Afolo ne, kar ki shafa mana." Ni ma na yarda afolo ne. Na ware tawul ɗina, na hana yara kwana kusa da ni.

Yanzu da nake waiwaye, akwai abubuwan da ya kamata su tsayar da ni. Afolo ba ya shiga gida ya kama mutum ɗaya ya fita, sai ya zagaye kowa, amma daga gidanmu har makaranta ni kaɗai ce. Afolo yakan zo da kwantsa, ido ya manne da safe, nawa kuwa ruwa ne garau. Kuma afolo sati ɗaya zuwa biyu ya gama abinsa ya wuce, nawa ya shiga na uku. To amma wa ke zuwa asibiti don jan ido a cikin hunturu? Maigida ya biya kemis ya karɓo mini maganin ɗigawa, kwana biyu ido ya washe tas, na yi ta sa wa mai kemis albarka. Da kwalbar ta ƙare, ba a rufa kwana goma ba jan ya dawo. Aka sake sayowa. Sau uku muna wannan zagayen. Sai daga baya na san maganin na ɗauke da sitiroyid, wanda ke kwantar da kumburi kowane iri ne, ba ruwansa da inda kumburin ya samo asali. Na kuma san cewa yawan ɗiga shi ba da sanin likita ba yana iya ɗaga matsin cikin ido har a kai ga gilakoma, ko ya kawo yana.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, na tashi sallar asuba, ina sauko da ƙafa daga gado sai ɗaki ya juya. Ba jirin yunwa ba, ba irin na wanda ya miƙe da sauri ba. Hajijiya ce ta gaske, rufi yana komawa ƙasa, ƙasa tana hawa sama. Na zube a bakin ƙofa, amai ya biyo baya, kai kawai zan motsa wani ya taso. A kunnena na hagu kuma wata ƙara ta tashi, kamar gyare ya shige ciki, can kuma ta koma kamar injin niƙa a bayan layi. Aka kwashe ni zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ɗebi jini, sakamako ya fito da abin da kowa ya san zai fito: maleriya da taifot. Aka yi ƙarin ruwa da allurai, kwana uku jirin ya lafa, aka sallame ni.

Ba wanda ya tambaye ni labarin ido, ni ma ban kawo shi ba. A lokacin idon fari ne tas saboda ina kan kwalba ta uku, kuma a tunanina me ya haɗa kifi da kaska? Ido daban, kunne daban, kowanne da likitansa. Ban ga laifin kowa a nan kamar yadda na ga nawa ba. An tambaye ni me ke damuna, na faɗi abin da ke damuna a ranar, na bar sauran a gida.

Jirin ya tafi amma ƙarar ta zauna. Kunnen hagu ya fara yi mini kamar an cusa auduga. Idan aka kira ni a waya na kara a hagu, sai in ji muryar kamar daga ƙasan rijiya, in mayar dama. Cikin kwanakin da ba su kai sati biyu ba, na kara waya a hagu na ji shiru, na duba na ga kiran bai yanke ba. Aka ce datti ne, na je aka wanke kunnen, ba abin da ya fito sai ruwan da aka zuba.

A nan ne maganganu suka fara yawa. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce ita ba ta taɓa ganin ciwon asibiti ya ka da mutum da asuba a bakin ƙofa ya kuma toshe masa kunne ɗaya ba, wannan iska ce. Innata ta fi karkata ga kambun baka, wai an cika yabon kunnena a gaban jama'a. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka ɗiga mini man zaitun da na habbatus sauda. Ni malama ce, ba zan taɓa raina addu'a ba, har yau ina tofa wa kaina safe da yamma. Abin da na ƙi a raina shi ne yadda muka mai da ita dalilin zama a gida, kamar an ce wanda ya yi addu'a ba ya neman magani. Sati uku muka ci a haka.

Na koma makaranta ina lallaɓawa, ina juya wa yara gefen dama ba tare da na gaya wa kowa ba. Wata Laraba wata yarinya ta kawo haddarta, shafi guda, ta kai ƙarshe, na ce, "Madalla, Allah ya yi albarka, tashi." Ba ta tashi ba. Na ɗaga kai na ga aji duka suna kallon juna. Sai wata ƙarama a gaba, wadda ni na koya mata baƙi da wasali, ta matso ta ce, "Malama, ta tsallake aya biyu fa." Bakinta na gani ya faɗa kafin kunnena ya kama. Na ce a buɗe Alƙur'ani a yi bita, na fita bayan aji na tsaya jikin bango ina kuka. Ashe na dama ma ya fara tafiya.

Abin da ya kai ni babban asibiti duk da haka ba kunnen ba ne. Idon ne ya sake tashi, wannan karon har da dishi-dishi, kamar hazon hunturu ya dawo ya zauna a cikinsa, na kasa karanta rubutu. Kurumta an iya haƙuri da ita a gidanmu, amma da aka ji maganar makanta kowa ya miƙe. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni a kaina karin maganar nan ya tabbata ta hanyar da masu yin sa ba su nufa ba.

Muka je sashen ido na asibitin koyarwa tun da sassafe. Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta sa na ɗora haɓa a kan na'urar nan mai siririn haske, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta tashi ta zagaya ta hagu tana rubutu. Ashe magana take yi mini. Ni ina nan zaune haɓa a kan ƙarfe. Maigida ne ya ce mata, "Likita, sai kin dawo ta nan, ba ta ji ta wannan gefen." Ta ajiye biron. Ta jawo kujera ta zauna daf da fuskata ta ce, "Malama, tun yaushe?" Na ce wata ɗaya da wani abu. "Da jiri? Da amai? Kunnen yana ƙara?" Ina cewa e, tana gyaɗa kai. "Tsakanin ciwon idon farko da jirin, wata nawa?" Na ce biyu. Ta ce da maigida, "Malam, yau ba za ku koma gida da maganin ɗigawa kawai ba. Yanzu zan haɗa ku da likitan kunne, kuma ina so likitocin ciwon cikin jiki su gan ta kafin a tashi aiki."

Na sha tuna wannan minti ɗin. Da ta zagaya ta dama, da na amsa mata, da wataƙila an rubuta mini magani mai kyau na ido na tafi.

Abin da ta gani a idona kumburi ne a cikin naman gilashin ido, wato fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, ba a samansa ba inda afolo ke zama. Likitan kunne kuma ya leƙa ya ce dodon kunnena lafiyarsa ƙalau, babu ruwa babu mugunya. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kafa mini a goshi, na ji ƙugin ya tafi dama gaba ɗaya. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai kamar akwati, aka ɗora mini abin sauraro a kai, aka ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Ana auna ji da abin da suke kira desibel: mai lafiya yana kama sautin da bai wuce 25 ba, hirar yau da kullum tana wajen 60. Na hagu har aka wuce 90 ban danna ba. Na dama ya tsaya a wajen 55. Matsalar tana can ciki, a wani ɗan abu mai siffar katantanwa da ke cikin ƙashin kai, inda wasu ƙananan gashi-gashi ke mai da sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Maƙwabcinsa shi ne abin da ke riƙe wa mutum daidaito idan ya tsaya ko yana tafiya, shi ya sa jiri da kurumta suka zo tare.

Daga nan aka shiga tambayoyi da gwaje-gwaje, kuma sai a lokacin na san abubuwa nawa ne ke kurumtar da babba a ƙasar nan. An tambaye ni ko na yi zazzaɓi mai tsanani kwanan nan, ko akwai ɓeraye a inda muke ajiye abinci, saboda jiharmu na cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ya kwantar yakan bar su da matsalar ji. An tambayi sanƙarau. An tambayi alluran da aka yi mini, ko akwai jentamaisin a ciki, don tana cikin magungunan da ke lalata kunne, kwinin ma yana sa shi ƙara. Aka ɗauki hoton ƙirji don tarin fuka, aka gwada ƙanjamau da ciwon hanta.

Wanda ya fi yi mana nauyi gwajin tunjere ne. Da likita ya faɗa, na ga fuskar maigida ta canza. Ya ce, "Likita, matata ce fa, malamar Alƙur'ani." Likitan, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce, "Malam, ba zargi ba ne. Tunjere na kawo irin wannan ciwon ido da irin wannan kurumta sak, kuma maganinsa daban ne. Ko 'yata ce sai na gwada." Muka yi shiru a Keke Napep har gida, ba mai kallon wani. Da sakamako ya fito babu komai, shi ya fara yin dariya, ya ce, "Malama, kin ga yadda Shaiɗan ya so ya shiga tsakaninmu ta takardar asibiti?"

Abin da ya fito a jinina alamar kumburi ce mai yawa, ba tare da wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifi ba. Dattijon ya zaunar da mu ya yi bayani da misalin da har yau nake ba mutane. Ya ce garkuwar jiki kamar 'yan sintirin unguwa ce, an ɗauke su su kori ɓarayi. To wani lokaci sai su rikice, su rufe 'yan unguwa da duka. A jikina sun faɗa wa ido da can cikin kunne, kuma suna iya faɗa wa jijiyoyin jini, manya da ƙanana, bangonsu ya kumbura, hanyar ta ƙuntace, abin da ke gaba ya rasa jini. Wannan kumburin jijiyoyin jini shi likitoci ke kira baskulaitis, kuma iri-iri ne. Nawa ana ce masa ciwon Kogan, a takarda ana rubuta shi Cogan, sunan wani likitan ido ne ɗan Amurka, David Cogan, wanda ya bayyana shi a 1945 bayan ya ga marasa lafiya huɗu da ciwon ido irin na masu tunjere da kurumta, amma ba su da tunjere. Ciwo ne da ba a cika samu ba, ya fi kama matasa 'yan shekara ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu, ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Ido na iya riga kunne, kunne na iya riga ido, yawanci tazarar ba ta wuce shekara biyu. Babu wani gwajin jini guda da zai ce ga shi. Sai an haɗa labarin ido da na kunne wuri ɗaya, an kuma kore sauran cututtuka.

Akwai wani ɗan'uwansa da aka fi sani, wanda a da ake kira Wegener, shi ma yana jan ido yana toshe kunne, amma ya fi cin hanci da huhu da ƙoda. Don shi aka yi ta duba fitsarina ko akwai jini, aka kuma aika jinina wani gari don gwajin da ake kira ANCA. Da na ji sunan na ce Anka ta Zamfara za a kai? Ma'aikaciyar jinya ta yi dariya har da riƙe ciki. Aka kuma yi mini hoton zuciya, don kusan ɗaya cikin goma na masu ciwon Kogan kumburin kan kai ga babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, har ƙofarta ta fara yoyo. Tawa lafiya lau, alhamdu lillahi, amma an ce duk ranar da na ji numfashi na gaza ni ko ƙirji na ciwo, kar in jira ranar ganin likita.

Ba su jira sakamakon da aka aika ba. Aka kwantar da ni, kwana uku ana sa mini sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya, sannan aka mai da ni kan firedinisolon, ƙwaya 12 'yan miligiram biyar-biyar kowace safiya bayan karin kumallo. Na tambayi dattijon ko na hagu zai dawo. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce ido yakan warke, da wuya ciwon nan ya makantar, amma kunne ba ya jira. Makonni biyun farko su ne damar da ake da ita, don gashin nan na cikin katantanwa idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ya ce, "Na hagu mun makara. Yanzu na dama muke yi wa yaƙi." Na lissafa a raina: wankin kunne, hayaƙi, man zaitun, sati uku.

A kwana na shida ina kwance, na ji ƙarar cokali a jikin kofi daga gadon da ke kusa da ni. Ban taɓa sanin ƙarar cokali na da daɗi ba. Da aka sake aunawa bayan wata guda, na dama ya dawo wajen 40. Ido kuwa ya washe kamar ba a yi ba.

Sai kuma maganin ya fara karɓar ladansa. Fuskata ta cika ta yi fam kamar faranti, wuya ya yi tozo, ciki ya fito, ga ci kamar gara. Masar da nake cin uku in ƙoshi sai na ci takwas ina duban kwano. Barci ya ƙaurace, ƙaramin abu ya sa ni faɗa. Ana auna mini suga da hawan jini duk zuwa, ga ƙwayar kalsiyam don kar ƙashi ya yi rauni. A unguwa aka fara yi mini barka wai ciki ne da ni. Da watanni suka wuce ba haihuwa, sai zance ya koma wai sha-ka-fashe nake sha don in burge miji. Abin haushin, ba su yi nisa da gaskiya ba: wasu daga cikin ƙwayoyin da 'yan mata ke saya don ƙiba dangin maganina ne. Ni da aka rubuta mini shi don ceton kunne ina kuka da shi, wata kuma tana kai kuɗinta kemis ta saya da gangan.

A nan na tafka wautar da ta fi ta farko, don wannan karon da sanina na yi. Bikin ƙanwata ya matso, an fitar da anko, na kai ɗinki tela ya auna ni ya sake aunawa. A lokacin likita ya fara rage mini maganin a hankali, an kai ƙwaya shida. Na ce a raina ai na warke, na ajiye shi gaba ɗaya ban gaya wa kowa ba. An gargaɗe ni tun farko cewa ba a yanke shi lokaci ɗaya, saboda jiki yakan daina sarrafa nasa sinadarin idan ya daɗe yana samun na waje, yankewar na iya kai mutum ga suma ko abin da ya fi haka. Kwana huɗu jikina ya saki, gaɓoɓi na ciwo, ko tsintsiya ba na iya ɗagawa. Ran na takwas na buɗe ido na ga gari ya waye tangaran. Masallaci yana bayan gidanmu, lasifikarsa tana kallon tagarmu, ban ji kiran farko ba, ban ji na biyu ba, ban ji an tayar ba.

Aka sake kwantar da ni. Dattijon bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya duba takardar awon kawai ya ce, "Malama, kin ba da goma sha biyar saboda anko." Na dama ya tsaya a wajen 55, kuma a nan yake har yau. A hoton bikin ina can gefe da fuskata kamar yadda take, ba abin da ya ragu.

Bayan wannan aka ƙara mini metotireksat don a samu a janye sitiroyid ɗin ba tare da ciwon ya taso ba. Sau ɗaya ake shan sa a sati, ba kullum ba, wanda ya kuskure ya sha kullum zai iya rasa ransa. Na zaɓi Juma'a don kar in manta, washegari kuma in sha folik asid. Ana duba jini da hanta a kai a kai. Sharaɗinsa mai nauyi shi ne ba a ɗaukar ciki a kansa, yana lalata ɗan tayi, sai an daina shi da watanni an koma wani, irin azatayofirin. Faɗa wa Hajiya wannan ya fi shan maganin wuya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "'Yar nan, biyun da Allah ya ba ku ai suna buƙatar uwa mai jin kukansu." Ban zaci haka daga gare ta ba, na kuma ji kunyar abin da na zata.

Na'urar ji a Kaduna muka samo ta, a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Muka bi ta Toro da Jos da Saminaka, ina rufe ido mafi yawan hanya, don tun bayan jirin nan idan mota na tsalle sai in ga allunan gefen titi suna rawa, ba na iya karanta su. Aka sake awo, aka saita na'urar daidai da abin da ya rage mini. An yi mana bayanin wata da ake dasawa a cikin kunne da tiyata, wadda masu irin ciwona da suka kurumce gaba ɗaya kan amfana da ita sosai, amma kuɗinta miliyoyin naira ne, kuma ba a so a daɗe ana jinkiri don katantanwar da ta sha kumburi tana iya cikewa da ƙashi. Muka saurara, muka yi godiya, muka karɓi ta maƙalawa.

Mutane suna zaton da an maƙala ta shi ke nan. Tana ƙara sauti ne, duka sautin, har da na janareton maƙwabta da kukan akuya da shafar hijabi a kanta. A ɗaki shiru, mutum ɗaya yana fuskantata, ina ji sosai. A gidan suna ko kasuwar Wunti kuwa, duk muryoyi sai su dunƙule su zama guguwa. Mai kunne ɗaya kuma bai san daga ina sauti ke zuwa ba. Idan aka yi hon, sai na juya ko'ina kafin in gane ta ina abin hawan yake, shi ya sa ba na tsallaka titi sai na tsaya na duba sau biyu. Da dare idan aka ɗauke wuta, sai na dafa bango, don yanzu da ido nake riƙe daidaitona.

Ihu ba ya taimako na, yana ma dagula kalmomin ne. Abin da nake roƙo a fuskance ni, a yi magana a natse, kar a rufe baki. Ƙawayena masu niƙabi sun saba, da mun shiga cikin mata sai su ɗage, don rabin jina a leɓɓansu yake. 'Yan'uwa kuma na gaji da roƙonsu su daina turo mini saƙon murya na minti biyar a WhatsApp, su rubuta. Yayata har yau sai ta turo muryar, sannan ta biyo da rubutu: "Yi haƙuri, na manta." Akwai masu ce mini kurma a bayan ido, wasu a gaban ido don sun ɗauka ba na ji. Da farko yana yi mini ciwo. Daga baya na fara koyon maganar hannu wurin wata maƙwabciyarmu da aka haifa ba ta ji, wadda shekara biyar muna layi ɗaya ban taɓa wuce ɗaga mata hannu ba. Ranar da na fara haɗa jimla ta yi ta dariyar hannuna, wai ina in'ina.

Hadda ta aji guda ta fi ƙarfina yanzu, na faɗa wa shugaban makaranta da bakina kafin a faɗa mini. An mai da ni fiƙihu da rubutun Larabci. Amma na roƙi a bar mini yara uku masu shirin sauka, suna zuwa gida bayan la'asar ɗaya bayan ɗaya. Ina kashe fanka, in rufe taga, yarinya ta zauna a damana gwiwarta na taɓa tawa, fuskarta a saitin haske. Sin da sadi ba na rabe su da kunne kamar da, sai dai na lura da yadda baki ke cika idan an tafkama harafi, abin da shekara bakwai ban taɓa kallo ba don ban buƙace shi ba.

Jiya ƙaramar nan da ta ce mini an tsallake aya biyu ita ce a gabana, ta girma, tana izu na hamsin da takwas. Tana cikin kawowa na ɗaga hannu na ce, "Koma baya, kin saki gunnar." Ta koma ta gyara, sannan ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Malama, ji kika yi ko gani kika yi?" Na ce mata ta ci gaba, magariba ta kusa, kuma akwai mai jiran layi a zaure.